Shekarar da shinkafa ta gagari talaka alhali rumbuna na cike

Tambaya: Ni ɗan kasuwar hatsi ne, na haura shekara 20 a wannan sana'a. Na ji a rediyo ana cewa abincin da ake nomawa a duniya ya ishi kowa har da ragowa, amma kuma miliyoyin mutane na kwana da yunwa. In haka ne, ina gizo ke saƙa? A nawa ganin, da kowace ƙasa za ta rufe iyakarta, ta hana fitar da abinci sai 'yan ƙasa sun ƙoshi, da an huta da tsada. Ko kuwa?

Amsa: Alhaji, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Abin da ka ji a rediyo haka yake. Hatsin da duniya ke girbewa a shekara ya haura tan biliyan 2.8, mu kuwa mun ɗan wuce mutum biliyan 8. Da za a kasa shi daidai, kowa har jaririn goye zai tashi da kusan kilo ɗaya a kullum. To amma ba kasawa ake yi ba, sayarwa ake yi, kuma cikin masu saye har da masu kiwon kaji da shanu da masu matse masara su mai da ita man mota. Shi ya sa duk da wannan yalwa, ƙiyasin hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kimanin mutum miliyan 673 ne suka yi fama da yunwa a 2024. Yaƙi da fari da talauci na da kasonsu mai yawa a wannan adadi. Ni dai zan tsaya kan abin da ka tambaya, wato hannun gwamnatoci a cikin farashi.

Shawararka ta rufe iyaka ita ce ke fara faɗo wa kowane shugaba da zarar farashi ya fara motsi, kuma ban ga laifin mai wannan tunani ba. Maigida ba ya kai hatsi kasuwa yaransa na kuka. Sai dai an sha gwada ta, kuma gwajin da ya fi fitowa fili shi ne na shinkafa daga ƙarshen 2007 zuwa tsakiyar 2008. Zan ja labarin da ɗan tsawo, domin kai da ke zaune a bakin sito za ka fi ɗalibaina saurin gane shi.

Kasuwar shinkafa ta duniya ƙarama ce fiye da yadda mutane ke zato. Yawancin shinkafa inda aka noma ta a nan ake cinye ta. A wancan lokaci duniya na samar da gyararriyar shinkafa kimanin tan miliyan 430 a shekara, abin da ke tsallake iyaka kuwa bai wuce tan miliyan 30 ba, kashi 7 cikin 100 ke nan. Manyan masu fitarwar ma ana iya ƙirga su da yatsun hannu ɗaya: Tailan, Indiya, Biyetnam, Pakistan da Amurka. Ka ɗauke ta kamar kasuwar ƙauye mai dillalai biyar. Ranar da biyu suka ƙi fitowa, ka san irin muryar da ragowar ukun za su yi magana da ita.

A 2007 shinkafa ta yi kyau. Girbin duniya na shekarar ya fi na kowace shekara da ta gabace shi. Matsalar daga alkama ta faro. Indiya ta samu ƙarancin alkama a shekarar da ta gabata har sai da ta sayo miliyoyin tan daga waje, ga shi kuma farashin alkama na hawa a duniya saboda farin da aka yi a Ostireliya. Gwamnatin Indiya na ciyar da ɗaruruwan miliyoyin talakawa da hatsi mai rangwame, sai ta yi lissafi: maimakon ta sayo alkama da tsada, gara ta riƙe shinkafarta a gida ta raba wa mutane. A watan Oktoban 2007 ta fara taƙaita fitar da duk shinkafar da ba basmati ba (basmati ita ce mai ƙamshi da tsada), zuwa Afrilun 2008 ta hana gaba ɗaya. Biyetnam ta dakatar da sa hannu kan sabbin kwangiloli. Masar da Kambodiya suka bi sahu.

Daga nan sai tsoro ya koma ɓangaren masu saye. Filifins, wadda a lokacin ta fi kowace ƙasa sayen shinkafa daga waje, ta riƙa fitowa fili tana neman ɗaruruwan dubban tan a lokaci guda, tana amsa kusan duk farashin da aka yanka mata. A watan Afrilu ta saya a kan fiye da dala 1,000 kowane tan. Kai ka san abin da ke faruwa idan babban mai saye ya shigo kasuwa idonsa a rufe. Manomi ya ce bari in ɗan jira. Mai injin casa ya cika sitonsa ya sa kwaɗo. Ɗan sari ya ninka abin da ya saba ɗauka. Uwargida da ke auna kwano biyu ta ce a sayo mata buhu. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ya yi wauta, kowa ya yi abin da hankali ya ba shi. Amma yi lissafi: in mutum biliyan 3 da shinkafa ce tuwonsu kowa ya ƙara ajiye kilo 2 kacal, tan miliyan 6 ke nan suka ɓace daga kasuwa, kashi ɗaya cikin biyar na cinikin shekara guda. A birnin Ho Chi Minh na Biyetnam, ƙasar da ke fitar da shinkafa, farashi ya kusa ninkawa cikin kwana biyu a ƙarshen Afrilu saboda jita-jita. Har a Amurka manyan kantuna irin su Costco sai da suka ƙayyade buhun da mutum ɗaya zai saya.

Shinkafar Tailan da ake sayar da tan ɗinta a kan dala 300 da 'yan kai a 2007, ta haura dala 1,000 a watan Mayun 2008. Ninki uku cikin 'yan watanni, a shekarar da aka yi girbi mafi albarka. Ni a lokacin ina aikin bibiyar farashin hatsi, kuma na tuna yadda muka riƙa duba alƙaluman girbi muna neman inda shinkafar ta ragu, ba mu samu ba.

Waɗanda suka ɗanɗana kuɗarsu su ne ƙasashen da ba su da hannu a rikicin. Senegal, inda abincin rana na yawancin gidajen birni shinkafa da kifi ne, kuma tsakin shinkafar daga Asiya yake zuwa, ta ga zanga-zanga a Dakar. An yi a Abijan, an yi a garuruwan Burkina Faso. A Haiti tarzoma ta yi tsanani har majalisar dattawa ta tsige firaminista Jacques-Édouard Alexis a watan Afrilun 2008. Gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a Najeriya ta dakatar da kuɗin fito kan shinkafa na wata shida. Wannan mataki ya ɗan sassauta wa mai saye a gida, amma ka lura da abin da yake yi wa kasuwar duniya: mai saye ya ƙara buɗe aljihu daidai lokacin da mai sayarwa ke rufe sito.

Yadda abin ya lafa shi ne ɓangaren da na fi son ba da labarinsa. Japan na kare manoman shinkafarta da haraji mai tsanani, amma yarjejeniyar Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, WTO, da ta fara aiki a 1995 ta wajabta mata sayen shinkafar waje, kimanin tan dubu 770 a shekara, kusan rabi daga Amurka. Gwamnatin Japan ba ta son wannan shinkafa ta shiga tukunyar mutanenta ta karya farashin ta gida, sai take jibge ta a sito, in ta kwana biyu a ba dabbobi ko masana'antu ko a bayar sadaka. A 2008 abin da ke kwance a can ya kai kimanin tan miliyan ɗaya da rabi. Ba ta da damar sake sayar da ita waje sai da yardar Amurka. Wasu masana biyu, Peter Timmer da Tom Slayton, suka rubuta gajeriyar takarda a watan Mayu suna cewa a saki wannan shinkafa. Amurka ta ce ba ta da ja. A farkon Yuni, a taron abinci da aka yi a birnin Rum, firaministan Japan Yasuo Fukuda ya sanar cewa ƙasarsa za ta fitar da tan dubu 300. Tun kafin a loda buhu ɗaya a jirgi farashi ya fara gangarowa, domin duk wanda ya ɓoye ya gane cewa in ya ƙara jira asara zai tafka. Akwai wasu dalilai da suka taimaka, kamar sabon girbin Biyetnam da ɗage haramcin Kambodiya. Amma babu wani sabon abinci mai yawa da ya sauko daga sama. Magana ta hau da farashi, magana ta sauko da shi.

Daga baya masana tattalin arziki biyu, Will Martin da Kym Anderson, sun yi lissafi suka gano cewa kusan kashi 45 cikin 100 na tashin farashin shinkafa a wancan lokaci ya samo asali ne daga matakan da ƙasashe suka ɗauka don kare kansu, na alkama kuwa kusan kashi 30. Abin kamar wurin kallon dambe ne. Na gaba ya miƙe tsaye don ya gani da kyau, na bayansa dole ya miƙe, kafin ka ankara kowa na tsaye, babu wanda ganinsa ya ƙaru, gajere da yaro kuwa sun daina gani kwata-kwata. Gajerun a nan su ne ƙasashen da ba su da rarar da za su riƙe, ba su kuma da kuɗin da za su tallafa wa mai saye.

Adalci dai a faɗi cewa ga Indiya dabarar ta yi aiki. Farashin shinkafa a kasuwanninta bai yi irin wancan tsalle ba, haka ma a Sin da Indunusiya, kuma gwamnatocin Indiya da Indunusiya duk sun sake cin zaɓe a 2009. Ɗan siyasa ba ya manta irin wannan darasi. Dokokin WTO ma sun bar ƙofar a buɗe: suna da tsauri kan harajin shigo da kaya, amma sun yarda ƙasa ta hana fitar da abinci na ɗan lokaci in tana fargabar ƙaranci. Abin da aka iya cimmawa a taron WTO na 2022 shi ne kada a hana hukumar agajin abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, WFP, sayen abincin agaji. Ban da wannan, kowa tasa ta fisshe shi.

Don haka aka ci gaba da maimaitawa. A watan Agustan 2010 fari da gobarar daji suka sa Rasha ta hana fitar da alkama, farashi ya yi sama, a watan Satumba aka yi tarzomar burodi a Maputo, babban birnin Mozambik, Masar kuma da ta dogara da alkamar Rasha ta shiga 2011 da tsadar abinci cikin itacen da ya hura wutar juyin juya hali. A 2022, bayan yaƙin Yukren ya toshe tashoshin Bahar Aswad, ma'aunin farashin abinci na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ya kai ƙololuwarsa a watan Maris, sai Indunusiya ta hana fitar da manja na kusan mako uku, Indiya ta hana fitar da alkama a watan Mayu. A Yulin 2023 Indiya, wadda yanzu ke da kusan kashi 40 cikin 100 na cinikin shinkafa a duniya, ta sake hana fitar da farar shinkafa, a watan Agusta kuma ta ɗora harajin kashi 20 kan turararriya, irin wadda ake saukewa a Kwatano da Lome. Farashi ya kai inda bai kai ba cikin shekara 15. Da ta ɗage takunkumin a ƙarshen 2024, ya faɗo.

Ba sai mun je Asiya ba ma. Duk ɗan kasuwar hatsi da ya kai shekarunka a sana'a ya tuna 2005 a Nijar. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, fara ta yi ɓarna, amma giɓin hatsin ƙasar bai wuce tan dubu 200 da 'yan kai ba, abin da a shekarun da aka saba 'yan kasuwa ke cikewa daga maƙwabta ba tare da an ji labari ba. A wannan karo maƙwabtan ma girbinsu bai cika ba. Burkina Faso da Mali suka taƙaita fitar da hatsi, duk da yarjejeniyar da ke tsakanin ƙasashen yankin ta barin kaya su yi yawo. A arewacin Najeriya kuwa hatsi ya yi tsada, don haka motocin da suka saba hawa daga Dawanau zuwa Maraɗi suka ragu, wani geron ma gangarowa ya riƙa yi. Kafin tsakiyar damana buhun gero ya taɓa jaka 30 ta sefa a wasu kasuwanni, dabbobi kuma sun rame sun faɗi warwas, makiyayi ya sayar da akuya biyu ko uku kafin ya samu abin da ɗaya ke saya masa a da. Yaran da suka fi tagayyara a jihohin Maraɗi da Damagaram suke, inda ake noman geron, kuma kasuwanni ba su rasa hatsi ba. Gero na tsibe a gaban mai awo, uwa na wucewa da yaro a baya ba ta da abin saye. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya ci lambar Nobel a 1998, ya nuna irin wannan game da yunwar da aka yi a yankin Bengal na Indiya a 1943, inda hana hatsi tsallakawa daga lardi zuwa lardi ya ƙara wa wutar fetur. Ka ga ƙasa irin Nijar, da damana ɗaya ke yanke mata hukuncin shekara, buɗaɗɗiyar iyaka ita ce rumbun tsiminta. Da kowa zai bi shawararka, ita za ta fara kwana da yunwa.

Kada ka ɗauka ina cewa a wangale ƙofa a koma gefe. Haiti da na ambata ta isa misali. Har zuwa shekarun 1980 ƙasar na noma yawancin shinkafar da take ci. A 1995, bisa matsin lambar masu ba ta bashi da Amurka, ta sauke harajin shinkafa daga kashi 35 zuwa kashi 3 cikin 100. Shinkafar Amurka, wadda manomanta ke karɓar tallafin gwamnati, ta cika kasuwa da araha. Mutanen birni suka ji daɗi na wasu shekaru, manoman kwarin Artibonite da yawa suka bar gona suka tafi birni neman aiki. Da 2008 ta zo, ƙasar na sayen kusan kashi 80 cikin 100 na shinkafarta daga waje, babu abin da za ta jingina da shi. Bill Clinton, wanda a zamanin mulkinsa aka yi wannan, ya faɗa a gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka a 2010 cewa kuskure ne, manoman jiharsa ta Arkansas sun amfana amma Haiti ta cutu.

Wannan ita ce ɗaya fuskar matsalar, kuma ta fi ta farko daɗewa. Shekara da shekaru Turai da Amurka na biyan manomansu su noma fiye da abin da za su ci, su kuma zubar da rarar a kasuwar duniya ƙasa da kuɗin noma. Sai a taron WTO da aka yi a Nairobi a Disambar 2015 aka amince a daina biyan tallafin fitarwa kai tsaye, tallafin cikin gida kuwa yana nan. Arahar da ta zo ta wannan hanya ta sa gwamnatocin Afirka da masu ba su bashi suka ga babu amfanin kashe kuɗi kan madatsun ruwa da binciken iri da hanyoyin karkara, tunda ga abinci nan a tashar jirgin ruwa. An yi alƙawari a Maputo a 2003 cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 10 cikin 100 na kasafinta ga noma, ƙalilan ne suka cika. Wato in abinci ya yi araha a duniya manominmu ne ke karyewa, in ya yi tsada mai sayenmu ne ke karyewa, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne: ya sayar da kaka da arha, ya dawo ya saya da bazara da tsada.

Akwai kuma dokar da ba ta ambaci abinci ba amma tana cin abinci. Amurka ta kafa doka a 2005, ta faɗaɗa ta a 2007, cewa dole a riƙa gauraya man fetur da sinadarin da ake samu daga amfanin gona. Yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar Amurka can take tafiya, ko da yake dusar na komawa abincin dabbobi. Wannan ya ɗaure farashin masara da na fetur da igiya ɗaya, kuma mutanen Meziko sun fito titi a farkon 2007 kan tsadar wainar masarar da suke ci kullum.

To me ya kamata a yi? A nawa ra'ayi, tambayar a rufe ko a buɗe ba ita ce mai muhimmanci ba. Abin da ya fi yin ɓarna shi ne doka ta faɗo ba zato, a kuma janye ta ba zato. Ƙasa na da 'yancin kare manominta da haraji matsakaici, in dai kowa ya san nawa ne, ya san zai kai shekara biyar ko goma a haka, kuma ana amfani da wannan lokaci a rage masa kuɗin noma: ruwan rani, taki a kan lokaci, iri mai kyau, hanya, wutar da injin casa zai yi aiki. Ƙasashen Asiya da suka tsira a 2008 ba rufe iyaka kaɗai ya cece su ba. Sun shafe shekaru 40 suna zuba kuɗi a ban ruwa da bincike, suna da hatsi a rumbunan gwamnati da aka san adadinsa, suna da hanyar kai shi ga talaka. Wanda ba shi da waɗannan ya rufe iyaka, ya kulle kansa ne a ɗaki da yunwa. In farashi ya tashi kuma, taimaka wa mai ƙaramin ƙarfi da kuɗi ko awo ya fi danne farashi ga kowa da kowa, domin danne farashi na gaya wa manomi kada ya faɗaɗa gona baɗi, a daidai lokacin da ake buƙatar ya faɗaɗa.

Dubi abin da kasuwarku ta gani cikin shekara goma. A 2015 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da shinkafa samun dala a farashin hukuma, aka kuma ƙaddamar da shirin ba manoma bashi a Kebbi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakokin tudu, ba a buɗe Illela da Maigatari da Seme ba sai Disambar 2020. Noman shinkafa ya ƙaru, injinan casa sun yawaita a Kano da Jigawa da Kebbi, wannan gaskiya ne. Amma farashin buhu ya hau, 'yan fasa-ƙwauri suka koma hanyoyin daji da babura, masu kai albasa da wake da dabbobi tsakanin Najeriya da Nijar kuma suka yi asarar da ba su ji ba ba su gani ba. A 2023 aka saki naira, aka janye tallafin fetur, aka ɗage hanin dala. Zuwa tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100, a lokacin da farashin hatsi ke sauka a kasuwar duniya, abin da ke nuna maka cewa darajar kuɗi da kuɗin mota da rashin tsaro a gonaki su ma manufofin abinci ne ko da ba a kira su da wannan suna ba. Sai a Yulin 2024 aka sanar da yafe kuɗin fito na kwana 150 kan masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Mai saye ya samu sauƙi, kuma yana buƙatarsa. Manomin da ya sayi taki da tsada bisa lissafin tsohuwar doka kuwa, ya girbe a ƙarƙashin sabuwa.

Kai da ke sayen kaya da kaka don ajiya, shawarata ka riƙa sauraron abubuwa uku tare da labarin damanarmu: yadda ruwan Indiya ya kasance daga Yuni zuwa Satumba, ko zaɓe na gabatowa a can, da abin da ake shirin yi da kuɗin fito a gida. A bara na zauna da wani manomin shinkafa a wata fadama, mutumin da ya saba noma eka goma rani da damana. Ya zayyana mini kuɗin taki da na fetur ɗin injin ban ruwa da na 'yan ƙwadago, ya faɗi abin da aka taya masa buhun shanshera, ya ce ko uwar kuɗi ba ta fito ba. Na tambaye shi ko zai sake gwadawa, tunda wa'adin yafe harajin ya wuce. Ya ce shi bai san dokar da za ta tarar da shi ranar girbi ba, don haka eka biyu zai yi ta ci a gida, ragowar albasa zai dasa.